Allurar Sinawa da Cushewar Ciki Bayan Cin Abinci: Tarihin Yadda Aka Gwada Ta

Akwai lalurar da ba ta kwantar da mutum a gado, amma tana rage masa daɗin duniya sau uku a kowace rana. Mai ita zai zauna cin abinci da yunwarsa, ya yi loma biyar ko shida, sai ya ji ya ƙoshi kamar wanda ya cinye akushi guda. Abin da ya ci ya tsaya masa a ƙahon zuciya, saman cikinsa ya kumbura, gyatsa ta yi ta taso masa, wani lokaci har da tashin zuciya. Idan ya je asibiti sai a auna jininsa, a ɗauki hoton cikinsa, a zura masa siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro har cikin tumbi, daga ƙarshe a ce ba a ga gyambo ba, ba a ga ƙari ba. A ƙasar Hausa kusan duk ciwon da ya shafi saman ciki olsa ake ce masa, alhali da yawa daga cikin masu wannan kuka ba su da gyambon ciki ko kaɗan. Abin da ke damunsu shi ne cushewar ciki bayan cin abinci, wadda likitoci suke lissafawa cikin nau'o'in rashin narkewar abinci da awo ba ya nuna musabbabinsu.

A watan Mayun 2020 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka mai suna Annals of Internal Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin a kan majiyyata 278 masu wannan lalura. An gwada musu akufanca, wato jinyar da Sinawa ke yi ta hanyar soka siraran allurai a wasu gurabu na jiki. Labari ya bazu cewa allurar ta yi aiki. Kafin mutum ya rungumi wannan labari ko ya watsar da shi, yana da kyau ya san doguwar hanyar da aka biyo kafin a kai ga gwajin. Sinawa sun shafe kimanin shekara 2,000 suna soka allura domin ciwon ciki. Amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga majiyyaci, wato ko sauƙin da ya samu daga allurar ya fito ko daga wani abin dabam, ba a sami hanyar amsa ta ba sai a 'yan shekarun nan.

Allurar da babu ruwan magani a cikinta

Idan Bahaushe ya ji an ce allura, abin da zai zo masa a rai shi ne sirinji da ruwan magani. Allurar akufanca ba ta da rami, ba ta ɗauke da komai. Siririn ƙarfe ne da kaurinsa bai fi na gashin jelar doki da yawa ba. Ana soka shi ta fata zuwa cikin tsoka, a murza shi a hankali har majiyyaci ya ji wani irin nauyi ko tsami a wurin, a bar shi minti 20 zuwa 30, sannan a zare. Sinawa suna kiran wannan jin nauyi deqi, suna ɗaukarsa alamar cewa allura ta sami gurbinta. Aikin ya bambanta da ƙahon wanzami, domin ba jini ake nema ba. Ya kuma bambanta da sakiya, domin ba a gasa ƙarfen, ba a kuma neman fitar da mugunya.

Mafi tsufan rubuce-rubucen da suka yi maganar hanyoyin jiki irin na wannan fanni an same su ne a wani kabari da ke Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya, aka tono shi a farkon shekarun 1970. Sun lissafa hanyoyi 11 da suka ratsa jikin ɗan Adam, sun yi bayanin lalas da fata domin magani, amma ba su ambaci sukar allura ba. Littafin da ya kafa harsashin fannin, Huangdi Neijing, an harhaɗa shi ne a zamanin daular Han, wajajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin Miladiyya. A cikinsa manyan hanyoyin sun zama 12, kuma an ce wani ƙarfi mai suna qi yana gudana a cikinsu kamar yadda ruwa ke bin magudana a fadama. Idan ya toshe ko ya yi ƙaranci sai cuta ta sami shiga, allura kuwa ita ce ke buɗe masa hanya.

Ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta tumbi ce. Ta taso daga fuska, ta gangaro ta ƙirji da ciki, ta bi gaban ƙafa har yatsa. A kanta akwai gurbin da ake kira Zusanli, kimanin faɗin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ta wajen ƙwauri, wanda tun a tsofaffin littattafai aka ware shi domin ciwon ciki. A ƙarni na 3 Miladiyya wani malami mai suna Huangfu Mi ya tattara ilimin a littafi guda, ya lissafa gurabu 349. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabu 361.

Mutum-mutumin tagulla

A shekarar 1027, zamanin daular Song, likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla masu girman mutum, aka huda gurabun allura a jikinsu. Marubutan da suka biyo baya sun ba da labarin yadda ake jarraba ɗalibai da su: a shafe jikin da kakin zuma har hudojin su ɓace, a cika cikin da ruwa, sannan a kira sunan gurbi a ce ɗalibi ya soka. Idan ya dace, ruwa ya ɗigo. Idan ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Wannan dabara ce ta burgewa, amma mai karatu ya lura da abin da take aunawa. Tana auna ko ɗalibi ya haddace abin da malami ya koya masa. Ba ta auna ko sukar gurbin tana warkar da ciki ba. Wannan ba aibin Sinawa ba ne su kaɗai. A Turai an shafe ƙarnoni ana tsaga jijiya a zubar da jinin majiyyaci bisa hujja iri ɗaya: magabata sun faɗa, kuma waɗanda suka warke sun ba da shaida. Wanda bai warke ba ba a cika jin tasa shaidar ba.

Darajar akufanca a ƙasar Sin kanta ta yi ta hawa da sauka, kuma hukuncin masu mulki ne ke ɗaga ta ko ya sauke ta. A 1822 sarki Daoguang ya soke koyar da ita a makarantar likitocin fada. A 1929 wani kwamitin lafiya na gwamnatin Sin ya kawo ƙudurin kawar da maganin gargajiya baki ɗaya, sai da masu sana'ar suka yi gangami kafin a janye. A shekarun 1930 wani likita mai suna Cheng Dan'an ya sake fasalin fannin, ya danganta gurabun da jijiyoyin da ilimin tsarin jiki na zamani ya sani. Bayan 1949 gwamnatin Mao Zedong, wadda ta gaji ɗimbin jama'a da ƙarancin likitoci, ta rungumi maganin gargajiya, ta buɗe masa makarantu da cibiyar bincike a Beijing a 1955. Daga 1963, lokacin da Sin ta tura ayarin likitocinta na farko zuwa Aljeriya, allurar ta shigo asibitocin Afirka, har da na Nijar da Kamaru da Sudan.

Yadda ciki ya kai allura ƙasashen Yamma

Abin lura ne cewa daga cikin lokutan da akufanca ta ja hankalin Turawa, akwai biyu da ciwon ciki ya taka rawa a cikinsu.

Na farko ya faru ta hanyar Japan. Likitan Holan Willem ten Rhijne, wanda ya yi aiki a tashar kasuwancin Holan da ke Nagasaki, ya buga bayani a kanta a 1683. Bayansa sai Bajamushe Engelbert Kaempfer, wanda ya zauna a wannan tasha daga 1690 zuwa 1692. A littafinsa na 1712 ya bayyana yadda Japanawa ke maganin wata murɗar ciki da suke kira senki: a soka allurar zinariya ko azurfa a wurare 9 a saman ciki, jeri uku. Shi a fahimtarsa ana huda cikin ne domin iskar da ta taru ta fice.

Na biyu ya faru a watan Yulin 1971. James Reston, fitaccen ɗan jaridar New York Times, yana ziyara a Beijing sai ciwon afendis ya kama shi. Likitocin Sin suka yi masa tiyata da maganin kashe zafi na asibiti irin wanda aka sani. A dare na biyu bayan aikin cikinsa ya kumbura, ya dame shi ƙwarai. Wani mai akufanca ya soka masa allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa, ya kuma ɗumama masa ciki da ganye mai hayaƙi. Cikin awa guda kumburin ya sassauta. Labarin da ya rubuta ya fito ranar 26 ga Yuli, watanni kaɗan kafin ziyarar shugaba Nixon zuwa Sin a Fabrairun 1972, sai Amurkawa suka yi caa a kan maganar. Da labarin ya yi ta yawo daga baki zuwa baki, har aka riƙa cewa da allura kaɗai aka yi masa tiyatar, abin da shi bai faɗa ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma Reston abin da ya gani ya faɗa. Sai dai duk likitan tiyata ya san cewa hanji yakan yi sanyi bayan an buɗe ciki, iska ta taru, sannan ya farfaɗo da kansa cikin kwana biyu ko uku. Labarin mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, ba zai iya raba aikin allura da aikin lokaci ba.

Yadda aka koyi gwada magani

Hanyar raba su ta samo asali ne daga wata hatsaniya dabam. A 1796 wani likitan Amurka mai suna Elisha Perkins ya ƙirƙiro wasu 'yan sanduna biyu na ƙarfe, ya ce idan aka shafa su a jiki suna janye ciwo. Suka yi kasuwa har Ingila, manyan mutane suka ba da shaida. A watan Janairun 1799 likita John Haygarth na birnin Bath ya sassaƙa irinsu da itace, ya yi musu fenti kamar ƙarfe, ya shafa wa majiyyata 5 masu ciwon gaɓoɓi ba tare da sun sani ba. Huɗu daga ciki suka ce sun sami sauƙi. Washegari aka shafa musu na ƙarfen, sakamako bai canza ba. Darasin da aka ɗauka shi ne, duk maganin da ake son a san ƙarfinsa, sai a kwatanta shi da na gangan mai kama da shi. A 1948 aka ƙara ginshiƙi na biyu, lokacin da masu bincike a Birtaniya suka gwada maganin tarin fuka streptomycin ta hanyar raba majiyyata da ƙuri'a, domin kada likita ya zaɓa wa sabon magani waɗanda ya ga alamar za su warke.

Yin ƙwayar gangan abu ne mai sauƙi, garin sitaci ya isa. Allurar gangan kuwa aiki ce ja, domin majiyyaci yana ganin ƙarfe, yana kuma jin suka. Duk da haka an fara. A 1986 John Dundee, malamin fannin sa barcin tiyata a Belfast, ya ba da rahoton cewa sukar gurbin Neiguan, wanda ke cikin hannu kimanin faɗin yatsu uku sama da wuyan hannu, tana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata. A 1997 wani taron ƙwararru da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka kira ya yarda cewa akwai hujja mai ƙarfafa gwiwa a kan tashin zuciya bayan tiyata da bayan maganin sankara.

Shekarar 1998 ta zo da abubuwa biyu. Andrew Vickers da abokan aikinsa suka duba gwaje-gwajen akufanca da aka buga, suka tarar cewa duk waɗanda suka fito daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan nasara suka bayyana, babu ko ɗaya da ya ce allura ta gaza. Babu maganin da ke cin kowane gwaji, don haka wannan ya nuna cewa ko dai ba a buga sakamakon da bai yi daɗi ba, ko kuma tsarin gwajin yana da rauni. A shekarar ce kuma Konrad Streitberger na Heidelberg ya ƙera allura mai dakusasshen baki, wadda idan aka danna ta a fata take komawa cikin mariƙinta, majiyyaci ya ji tsini ya ga kamar ta shiga.

Da aka shiga manyan gwaje-gwaje sai aka ga abin mamaki. A Jamus an gwada mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka buga sakamakon a 2007. Waɗanda aka yi wa sukar gaske, kashi 47.6 cikin 100 sun sami sauƙi. Waɗanda aka yi wa sukar gangan, wato sama-sama a wuraren da ba gurabu ba, kashi 44.2. Waɗanda suka tsaya kan magunguna da gashin jiki da motsa jiki na asibiti, kashi 27.4. Allura ta fi kulawar da aka saba, amma inda aka soka ta bai kawo wani bambanci ba.

A 2008 Ted Kaptchuk na Jami'ar Harvard ya nuna daga ina wani ɓangare na sauƙin ke fitowa. Ya ɗauki mutum 262 masu lalurar hanji da ke haɗa murɗa da gudawa ko taurin bayan gida ba tare da an ga rauni ba. Rukuni na farko an bar su suna jira. Na biyu an yi musu allurar gangan, mai yin ta ba ya doguwar magana. Na uku ma allurar gangan ce, amma mai yin ta ya zauna minti 45 a zuwan farko yana saurarensu cikin sakin fuska. Bayan mako uku, waɗanda suka ce sun sami isasshen sauƙi su ne kashi 28 a rukuni na farko, 44 a na biyu, 62 a na uku. Ba a huda fatar kowa ba. Ciki da hanji suna da jijiyoyi masu yawa da ke musayar saƙo da ƙwaƙwalwa, shi ya sa kulawa da kwanciyar hankali ke taɓa su kai tsaye.

Sai da aka raɗa wa cutar suna

Kafin a gwada magani dole a san wa za a gwada wa. Shekaru da dama duk wanda ya yi kukan saman ciki kwando ɗaya ake zuba shi. Bututu mai kyamara ya ware masu gyambo da masu ƙari. Binciken Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya a farkon shekarun 1980, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2005, ya nuna cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Aka bar ragowar jama'a masu yawa da awo bai nuna komai a kansu ba.

Domin su ne ƙwararrun likitocin ciki na duniya suka tsara ƙa'idojin da ake kira ƙa'idojin Roma. Bugu na uku, na 2006, ya raba su gida biyu: masu zafi ko raɗaɗi a ƙahon zuciya, da masu cushewa bayan cin abinci. Bugu na huɗu, na 2016, ya ce kafin a lissafa mutum a gida na biyu sai ya kasance yana jin cikar ciki mai damuwa bayan ci, ko ƙoshi da wuri har ya kasa gama abinci daidai kima, aƙalla kwana 3 a mako, tsawon wata 3, kuma alamomin sun soma aƙalla wata 6 da suka wuce. Bincike ya nuna cewa a wasu saman tumbi ne ba ya buɗewa ya karɓi abinci yadda ya kamata, a wasu tumbin ne ke jinkirin tura abinci zuwa hanji, a wasu kuma jijiyoyin ne ke jin ɗan miƙewar da wani ba zai ji ba.

Lalurar tana da wuyar gwaji, domin takan tashi ta kwanta da kanta, kuma a gwaje-gwajen magunguna kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar gangan sukan ce sun sami sauƙi. A 2014 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace hujjojin likitanci, ta duba ƙananan gwaje-gwajen akufanca 7 da suka ƙunshi mutum 542 masu rashin narkewar abinci irin wannan. Ta yanke cewa hujjar ba ta da ƙarfin da za a ce allura ta fi sauran hanyoyi.

Gwajin 2020

Wannan giɓi ne Jing-Wen Yang da Cun-Zhi Liu na Jami'ar Likitancin Gargajiya ta Beijing da abokan aikinsu suka nemi cikewa. Sun ɗauki majiyyata 278 a manyan asibitoci 5, masu shekara 18 zuwa 65, waɗanda suka cika ƙa'idojin Roma na huɗu. Ƙuri'a ce ta raba su gida biyu. Kowa ya sami zama 12 na minti 20, sau uku a mako, tsawon mako huɗu. Rukunin gaske an soka musu gurabun da littattafai suka tanada, har da Zusanli da Neiguan da Zhongwan, wanda ke tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, ana murzawa har su ji nauyin nan. Rukunin gangan an soka musu sama-sama a wuraren da ba gurabu ba, ba tare da murzawa ba. Ba a gaya wa majiyyaci rukuninsa ba.

Tun kafin a fara an tsai da ma'auni biyu. Na farko, a ƙarshen mako na huɗu, mutum nawa ne za su ce sun sami sauƙi? A rukunin gaske kashi 83.0 cikin 100, a na gangan kashi 51.6. Na biyu ya fi tsauri: mutum nawa ne alamomi uku, wato cikar ciki bayan ci, da kumburin saman ciki, da ƙoshi da wuri, suka rabu da su ɗungurungum? A rukunin gaske kashi 27.8, a na gangan kashi 17.3. An ci gaba da bibiyarsu mako 12 bayan an daina sukar, kuma fifikon rukunin gaske ya ɗore. Babu wanda ya gamu da mummunar illa.

Wanda ke tallar akufanca lamba ɗaya zai ambata, 83. Majiyyaci yana bukatar duka huɗun. Idan aka yi wa mutum 100 sukar gaske, kimanin 83 za su ce sun ji sauƙi, amma kimanin 52 daga cikinsu da sukar gangan ma haka za su ce. Abin da za a iya jingina wa sukar gaske shi ne ragowar 31, kusan mutum ɗaya cikin uku, kuma wannan rata ce babba a lalurar da magunguna da yawa ba su kai haka ba. A batun rabuwa da alamomin gaba ɗaya kuwa, ratar mutum 10 ce cikin 100, kuma kimanin 72 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sukar gaske sun gama makonni huɗun da sauran wata alama a tare da su.

Masu binciken da kansu sun lissafa raunin aikinsu. Ma'aunin duka bakin majiyyaci ne, ba a auna motsin tumbi da na'ura ba. Mutum 228 ne kawai suka kai ƙarshen bibiyar, 50 sun zame a hanya. Mai soka allurar kuma ya san wa yake yi wa ta gaske, abin da binciken Kaptchuk ya nuna zai iya tasiri ko da ta hanyar murya da sakin fuska ne. Ana iya ƙarawa da cewa majiyyatan duka Sinawa ne da suka tashi cikin al'adar da ta san allura, kuma mai jin nauyin murzawa zai fi mai jin ɗan tsini yarda cewa an yi masa aiki. Gwaji ɗaya, komai kyansa, yana ƙara ƙarfi ne idan wasu mutane a wata ƙasa suka maimaita shi suka sami irin sakamakonsa.

Akwai kuma bayani daga ilimin jijiyoyi da ba ya bukatar maganar qi. A 1993 Akio Sato da abokan aikinsa a Japan sun nuna a jikin ɓeraye da aka sa barci cewa sukar allura a ƙafa tana ƙara motsin tumbi ta hanyar babbar jijiyar nan da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka ciki, sukar fatar ciki kuwa tana rage motsin ta wata jijiyar dabam. Ɓeran da ke barci ba ya sa rai da komai. Wannan ya nuna cewa allura tana iya taɓa tumbi ta jijiya, ko da yake ɓera ba ya iya faɗin ko ya ji sauƙi.

Abin da majiyyaci da iyalinsa za su ɗauka

Abu na farko shi ne, mutanen da aka yi wa gwajin nan an riga an tabbatar ba su da wata cuta a ɓoye. Wannan mataki ba a tsallake shi. Duk wanda ke rama ba dalili, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko abinci ke maƙale masa wajen haɗiya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jininsa ya yi ƙasa, ko kuma alamomin suka soma masa bayan ya manyanta, wurin likita zai nufa ba tare da jinkiri ba. Nauyin ƙahon zuciya da ya zo farat ɗaya tare da gumi ko sarƙewar numfashi yana iya zama ciwon zuciya. Ciwon suga da ya daɗe, da tsakuwar matsarmama, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, duk suna kawo kuka mai kama da wannan.

Abu na biyu, akwai matakan da likitoci ke fara bi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka da Kanada suka fitar a 2017, shekara uku kafin gwajin Beijing, ta ce a auna Helicobacter pylori a kashe ta idan an same ta, sannan a gwada maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole, idan bai yi ba likita ya duba wasu magungunan da ke kwantar da jijiyoyin ciki ko ƙara masa motsi. Ƙwayar cutar nan ta yi yawa ƙwarai a Najeriya da maƙwabtanta, don haka awonta yana da muhimmanci a wurinmu. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da rage maiƙo, da guje wa kwanciya da zarar an gama ci, suna taimakon mutane da dama.

Abu na uku, wanda ya bi waɗannan matakai bai sami biyan bukata ba, kuma yana da ƙwararren mai akufanca kusa da shi, yana da hujjar gwadawa fiye da yadda ake da ita kafin 2020. A hannun ƙwararre haɗarin kaɗan ne. Wani bincike a Jamus da ya bibiyi majiyyata fiye da 229,000 ya tarar cewa kimanin kashi 8.6 cikin 100 sun sami 'yar matsala, yawanci ɗigon jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, mutum 2 kuma allura ta huda musu huhu. Babban sharaɗi shi ne sabuwar allura da za a ɓare daga ledarta a gaban majiyyaci a kuma jefar bayan amfani, domin an sha samun yaɗuwar ciwon hanta nau'in B ta allurar da aka maimaita. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, su fara shawartar likitansu.

Daga ƙarshe, gwajin ya ba da ma'aunin da iyali za su iya riƙewa: zama 12 cikin mako huɗu. Majiyyaci ya rubuta yadda yake ji bayan kowane cin abinci tun mako guda kafin ya fara, ya ci gaba da rubutawa har ya gama, kada kuma ya ajiye maganin da likita ya ba shi ba tare da saninsa ba. Idan wata ya cika takardar ta nuna sauƙi, madalla. Idan ba ta nuna ba, babu dalilin ci gaba da zuba kuɗi, sai a koma wurin likita da takardar a hannu a sake shawara.